Ƙosai da Murfin Tanki

Jiya na yi abin kunya a gidan mai, gara in faɗa da bakina kafin yaran gidana su riga ni. Na shiga da mota ana yayyafi, na tsaya a gaban famfo, na kashe inji, na ja abin buɗe bonet, na kishingiɗa ina jiran a zo a duba mini ruwa da baƙin mai. Na fi minti biyu a haka. Yaron da ke ba da mai ya leƙo ta taga, waya a kunne, ya ce, "Baba, in lalacewa ta yi a tura ta gefe, akwai layi." Na fita cikin yayyafin na rufe bonet ɗina da hannuna, na baya suna ta danna mini hon.

Laifin azumin bana ne da ya faɗo cikin damina. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya haɗu da warin fetur da yunwar la'asar, sai kaina ya tafi can shekarar da soja suka fara shirin miƙa mulki ga farar hula. Ita ma azuminta a damina aka yi. Lokacin ina ɗan shekara goma sha biyar, siriri kamar tsinken tsire, kuma babu gidan da ba a kai ƙarata ba a Gwale.

Marka aka yi a shekarar, irin wadda rana ke kwana uku ba ta leƙo ba. Gidanmu na ƙasa ne, da ruwa ya sauko sai Inna ta fito da duk kwanukan da ta mallaka ta jera su a ɗaki, kowane yana tarar nasa yoyon, kowane da irin kiɗansa. Indararo na zuba a lungu kamar an buɗe kogi. Kududdufin bayan unguwa ya cika ya kawo, kwaɗi suna ta musu a cikinsa kamar su ma za su tsaya takara. Itace duk ya jiƙe, in Inna ta hura wuta hayaƙi ne ke dafa tuwon, mu kuma mu yi ta hawaye ba wanda ya mutu. Tsohon hatsi ya ƙare a kasuwa, sabo bai iso ba. Malmalar tuwo ta dinga ƙanƙancewa, har ta kai in ka yi atishawa a kanta sai ka neme ta ka rasa. Kwaɗon rama da tafasa su suka riƙe mu.

A cikin wannan hali aka ba mu dogon hutu. Kwana huɗu kacal na yi a gida, na ɗaura wa akuyar maƙwabta gwangwani a wutsiya, ta ruga ta kifar da tukunyar kunun wani gida. Da yamma Inna ta aika a kira ƙanenta.

"Bukar, ka ɗauke mini yaron nan kafin 'yan unguwa su tashe mu," in ji ta. "Ko shara ce ka ba shi."

Kawu Bukar shi ne shugaban ma'aikata a wani gidan mai da ke wajen Ƙofar Dukawuya. Kakansu daga Barno ya zo karantar da allo, amma Kawu sai ya zaɓi mota. Dogo ne, baƙi, da tsagen Barebari a fuska, ba ya ɗaga murya. Farar riga da farin wando na aiki yake sawa, da hula mai baki. Shekara goma sha takwas yana cikin baƙin mai, ba wanda ya taɓa ganin ɗigo ɗaya a rigar nan. Ni na yi imani in baƙin mai ya taso zai faɗa masa, sai ya gan shi ya canza hanya.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Habu, in ka kai Sallah ba ka yi ɓarna ba, zan karɓo maka hula irin tawa."

Gidan man ƙarami ne. Famfon fetur biyu, kowane da tankinsa a ƙarƙashin ƙasa, sai na gas, sai na kananzir can gefe inda yara ke layi da kwalabe. Akwai wurin ba taya iska, da ramin duba mota, da bishiyar darbejiya. Mai gidan wani Alhaji ne da ke zuwa ranar Juma'a kawai. Magana ɗaya yake maimaita wa Kawu har kowa ya haddace ta: "Malam Bukar, duk ranar da aka ce man gidana gauraye ne, ranar ka ajiye mini makulli." Kawu kuwa 'ya'yansa shida, ga tsohuwa a gida, ba shi da wata sana'a sai wannan.

A wancan zamani direba ba ya saukowa daga mota. Da ta shigo mutum uku ke tasowa. Yaya Garba, wani kakkauran saurayi mai dariya kamar tsawa, shi ke riƙe bututun mai. Kawu ya buɗe bonet, ya zaro sandar baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya kai wa mai mota har taga ya gani da idonsa. Ya duba ruwan lagireto, ya duba ruwan batir. Ni kuma soso da bokiti da tsumma, in wanke gilashin gaba da na baya da madubi, sannan in zaga tayoyi huɗu da ma'aunin iska. Ko lita ɗaya ka sha haka za a yi maka. Ko ba ka sha ba, tambayar hanya ka tsaya yi, kafin a gama kwatance na goge maka gilashi.

Ranar farko na sami suna. Wata ma'aikaciyar asibiti ta shigo da ƙaramar motar nan mai doron kunkuru. Kawu yana can wajen kananzir, na ce bari in nuna ƙwazo. Na ɗauki butar ruwa, na buɗe gaban motar, sai na ga wayam, taya ɗaya da jakar ledar kayan miya. Na ɗora hannu a ka na kwarma ihu, "Hajiya, an sace miki inji!" Yaya Garba ya saki bututu ya zauna a ƙasa don dariya. Kawu ya zo ya kama kunnena a hankali, ya zaga da ni bayan motar, ya nuna mini injin yana zaune lafiya lau, ya kuma sanar da ni cewa irin wannan motar ba ta shan ruwa ma sam. Tun daga ranar aka koma kirana Injiniya.

Ranakun duk tafiyarsu ɗaya. A yi sahur da ɗumame, a yi sallar asuba, in bi lungu ina tsallake caɓi har in fita ƙofa. Mu share ruwan da ya kwanta a gaban famfo. Kafin a sayar wa kowa mai, Kawu ya ɗauko doguwar sandar awo ta tagulla, ya shafa wa ƙasanta wani man gwaji mai launin ruwan ƙasa, ya zura ta cikin tanki. In akwai ruwa a ƙasan tankin, man nan ja yake komawa. Kullum sandar na fitowa yadda ta shiga, kullum Kawu ya ce alhamdu lillahi kamar ranar ya fara gani.

In rana ta samu ta fito bayan ruwa, sai ta rama kwanakin da ta yi a ɓoye. Zafi mai danƙo, riga ta manne a baya, kwalta na tururi. Ni da ke ɗauke da bokitin ruwa wuni guda ni na fi kowa shan wuya, don duk sanda na matse soso sai in ji maƙogwarona ya yi wata 'yar ƙara. Daga la'asar kuwa Iya mai ƙosai ke ɗora kasko a tsallaken titi. Iska kuma ba ta da wata hanya a duk faɗin Kano sai ta hancina.

Da magariba a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfar famfo. Ga dabino, ga kunun tsamiya daga gidan Kawu, ga ƙosan Iya a takarda. Duk wanda kiran salla ya riska a gaban famfo, direban tirela ne ko Alhaji mai doguwar mota, sai ya sauko a sha ruwa da shi. Ban taɓa jin kunun da ya kai wancan daɗi ba, ko da yake rabinsa ruwa ne.

Gari kuwa ya rikice da siyasa. An yi shekaru ba a yi zaɓe ba, sai ga shi ana yi kusan kowane mako, saura na ƙarshe. Motoci masu lasifika na yawo suna alkawarin famfo da kwalta da asibiti a kowane lungu. Wa da ƙane sun daina cin tuwo kwano ɗaya. Kawu ya kafa doka: ba a liƙa hoton kowa a gidan mai, ba a musun jam'iyya a kan tabarma. Motar kowane ɓangare ta shigo, gilashi ɗaya ake goge mata.

Cikin masu lasifikar akwai Sule, wani Bafulatani fari siriri, direban wata tsohuwar motar akori-kura da aka ɗora wa lasifika biyu a ka. Tsakaninsa da Kawu akwai wasan Fulani da Barebari. Tun daga titi zai kunna lasifika ya ce, "Ina bawana Babarbare? Ubangidanka ya iso!" Kawu ya ce, "Sauko, ɗan Fulani. Saniya ce ba ka iya kora ba aka ba ka mota?" Shekararsu goma a haka.

Ranar sha uku ga azumi tankar mai ta iso dab da magariba, ta juye a babban tanki. Hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin. Kawu ya auna, ya miƙo mini sifana ya ce, "Injiniya, rufe murfin nan ka ɗaure shi tam, sannan ka mayar da ƙarfen saman ramin da bakin tankin yake ciki. Ka ga hadari." Ya tafi alwala.

Na durƙusa, na ɗora murfin a bakin tankin, na juya shi sau ɗaya. Sai ladan ya ce Allahu Akbar. Na ɗaga kai, na hango Yaya Garba ya buɗe takardar ƙosai, ya sa hannu biyu. Wanda bai san Yaya Garba ba ba zai gane halin da na shiga ba. Mutumin nan ba ya tauna ƙosai, aika shi yake yi. Na ce a raina, bari in ceto ko uku ne in dawo. Na ja ƙarfen saman ramin rabi da rabi, na ajiye sifana, na ruga.

Ban dawo ba. Muna idar da salla iska ta taso, kowa ya kama hanyar gida da gudu. Ruwan da aka kwana ana yi, na sha faɗa wa mutane cewa har kifi ya zo ya yi sallama a zauren gidanmu.

Ina tsakiyar sahur, loma a baki, murfin ya faɗo mini a rai. Lomar ta ƙi gaba ta ƙi baya. Inna ta ce, "Kai kuma lafiya? Ka ga aljani ne?" Na ce ƙashin kifi ne. Ta ce, "A miyar kuka?"

Ana sallame asuba na zura da gudu. Na tarar da ramin cike da jan ruwa, murfin ya karkace, ruwan na ta zurarewa ciki yana wani ƙululu. Abin da ya kamata in yi a fili yake, amma ba shi na yi ba. Na kwashe ruwan ramin da gwangwani, na goge wurin da rigata, na ɗaure murfin har sai da na hau kan sifana da ƙafa, na mayar da ƙarfe, na ɗauki tsintsiya ina shara kamar mutumin kirki.

Yaya Garba ya iso yana hamma, ya ce katangar maƙwabcin Kawu ta faɗi, Kawu zai makara. Bai rufe baki ba sai ga Sule.

"Garba, cika mini ita, sauri nake. Yau babban taro muke da shi a Shahuci."

"Malam bai auna ba tukuna."

"Man da aka sauke jiya a gabana? Bar ni da tsarabe-tsaraben Babarbare, zuba!"

Yaya Garba ya zuba. Ni ina gaban motar ina goge gilashi, ina kallon lambobin famfo suna juyawa. Na goge gilashin nan har ya kusa hujewa. Sau biyu na buɗe baki, sau biyu na rufe. Sule ya ce, "Injiniya, yau kai ne ka yi shiru? Azumi ya kama ka ke nan." Ya ja mota ya tafi.

Can sai ga Kawu, ya sha aikin taɓo amma ya koma gida ya sake farar riga. Ya kwance murfin da ƙyar, ya shafa wa sandar man, ya zura, ya zaro. Ja jawur, kusan taƙi guda.

Ya sake gogewa, ya sake zurawa. Ja. Ya duba murfin, ya duba ramin, ya ga komai a bushe. Sai ya zauna a kan dakalin famfo, abin da ban taɓa ganin ya yi ba a lokacin aiki.

"Murfi a ɗaure, ruwa a ciki," in ji shi a hankali. "Garba, tankin ya huje ta ƙasa. Sai an haƙe shi. Wata uku ko huɗu wurin nan a rufe, in ma an sake buɗewa da mu." Ya cire hula ya shafa kai. "An ba wani?"

Yaya Garba ya ce, "Sule kaɗai."

"Inna lillahi. Sule, ranar taro."

Ya laluba aljihu ya ciro makullan gidan man ya riƙe su a tafin hannu yana kallo. Na ce, "Kawu." Muryar ta fito kamar ta ɗan tsako.

"Kawu, tankin bai huje ba. Ban ɗaure murfin ba jiya. Yau da asuba na ɗaure."

Na rufe ido ina jiran mari. Da na ji shiru na buɗe ɗaya. Kawu yana kallona, kallon da gara marin.

"Kana tsaye aka zuba wa Sule?"

"Ina goge gilashi."

Ya miƙe ya mayar da hula. "Garba, rufe wannan famfon, kada ka ba kowa. Cika jarka daga ƙaramin tanki. Kai kuma ɗauko akwatin sifana, hau bayan keke."

Kawu na tuƙi, ni a baya, jarka a cinya, akwati a hannu. Muka shiga ƙofa, muka ratsa Gwale, muka nufi Mandawari, caɓi na fallatsa, awaki na tsalle. Tun daga nesa muka fara jin lasifika, don batir bai mutu ba, injin ne ya mutu. Motar ta tsaya a tsakiyar hanya dab da Shahuci, mutane sun kewaye ta. Wani bakanike ya kwance kafireto yana nuna wa jama'a ruwa a cikin murfin kwalba.

"Ina kuka sha mai?" wani ya tambaya.

"Gidan Malam Bukar."

"Ashe ɗan wancan ɓangaren ne! Shi ya sa ya hana a liƙa hotonmu. Ku zo mu je gidan man!"

Daidai nan Kawu ya jingine keke, ya ratsa taron, ya tsaya a gaban Sule. "Man gidanmu ne," in ji shi. "Ruwan sama ya shiga tanki. Ni ke da alhakin wurin. Na zo in gyara."

Sule ba ya dariya. "Malam Bukar, shekara goma. Sai yau?"

Da na ji ya ce Malam Bukar maimakon Babarbare na san abin ya ɓaci. Samari suka matso. "Su wa suka sa ka?" Wani ya kai hannu ya doke hular Kawu, ta faɗa cikin caɓi. Kawu bai sunkuya ba, bai kuma waiwayo inda nake ba.

Ban san lokacin da na dire jarkar ba. Na haye bayan motar, na fizge abin maganar lasifikar daga hannun yaron da ke riƙe da shi, na ce, "Ni ne!"

Muryata ta fito ta lasifika biyu ta daki katangun Shahuci ta dawo. Tattabaru suka tashi. Ni kaina na tsorata, amma bakina ya riga ya kama hanya.

"Wallahi ba Kawu ba ne! Ya ce in ɗaure murfi, sai aka kira salla, sai Yaya Garba ya buɗe ƙosai, in ban je ba zai cinye. Ba jam'iyya ba ce, ƙosai ne!"

Sule ya ɗaga kai ya dube ni.

"Ƙosai?"

"Ƙosai."

"Guda nawa?"

"Uku."

"Kai, Injiniya, da azumi a bakinka."

"Goma sha ɗaya," na ce, lasifika kuma ta kai wa duk unguwar.

Wata tsohuwa da ke leƙe ta kan katanga ta ɗaga murya, "Ɗan nan, ƙosan wa?"

"Na Iya, ta bakin Ƙofar Dukawuya."

"Af! To ku ƙyale yaro. Ƙosan matar nan ko ni sai in bar ƙofar gida a buɗe."

Wani ya fara dariya daga baya, sai ta bazu. Bakaniken ya zubar da ruwan murfin kwalbarsa yana riƙe ciki. Sule ya yi ta maza na ɗan lokaci, sannan ya kifa kai a jikin motar, kafaɗunsa na rawa. Ya sunkuya ya ɗauko hular daga caɓi, ya goge ta da hannun rigarsa, ya miƙa wa Kawu.

"Babarbare, ka hana siyasa a gidan mai, ashe cikin ɗanka ya buɗe tasa jam'iyyar."

"Matsa, ɗan Fulani, ka tare mini haske," in ji Kawu.

Ya kwanta a cikin caɓin nan da farar rigarsa ya shige ƙarƙashin motar. Ya kwance ƙasan tankinta, muka tari man a bokitin aro. Ya wanke kafireto, ya hure bututun, ya goge filogi, ya juye jarka. Saurayin da ya doke hular shi ya riƙe masa akwatin sifana, kansa a ƙasa. Sule ya murza makulli, ta yi tari sau biyu ta tashi, jama'a suka sa sowa kamar an faɗi sakamakon zaɓe. Ya sa giya zai tafi, Kawu ya ɗaga hannu.

"Ba a gama ba." Ya zaro sandar baƙin mai ya nuna masa, ya duba lagireto, ya juyo gare ni. "Gilashi."

Na cire rigata na goge.

Muka koma muka tarar da aiki na jiranmu. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasan tanki yake kwanciya, don haka aka zura dogon tiyo har ƙasa aka haɗa da famfon hannu. Rana ta fito da duk fushinta. Ni da Yaya Garba muna karɓa-karɓa, hannuna ya yi kanta, harshena ya zama kamar busasshiyar fata. Ƙaramin tanki ya ƙare kafin azahar. Duk motar da ta shigo bayan nan Kawu ya je taga da rigarsa mai taɓo ya ba da haƙuri, ya faɗi dalili, sannan a duba ruwa, a ba taya iska, a goge gilashi, a sallame ta ba ko lita ɗaya. Direbobi biyu suka sauko suka kama mana juya famfon, don kawai su ga yaron da ya yi jawabi a Shahuci.

Bayan la'asar sandar ta fito ba ja. Kawu ya sake aunawa sau uku. Ana cikin haka motar Alhaji ta shigo, ranar kuwa ba Juma'a ba ce.

Kawu ya je ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya faru daga farko har ƙarshe, bai rage ba, bai ƙara ba. Sannan ya miƙa masa makullai. Alhaji bai karɓa ba. Ya naɗe hannun babbar riga, ya shafa wa sandar man da kansa, ya zura, ya zaro, ya ɗaga ta a rana ya daɗe yana dubawa.

"Mutum biyar suka kawo mini labarin nan a kasuwa," in ji shi. "Ba wanda ya ce man gidana gauraye ne. Cewa suke ka bi mota har Shahuci a kan keke. Mayar da makulli aljihu, Malam Bukar, ka je ka sake riga." Ya waiwayo. "Kai ne mai ƙosan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Tsakaninka da murfin nan taku goma. Ko mafarkinsa kada ka yi."

Da magariba Iya ta sayar da ƙosanta kaf kafin a kira salla, don har daga Shahuci aka yi ta aiko yara. Ta ware wani a kwano ta ce a kai wa ɗan tallanta. Kawu ya tura kwanon gabana. Na so in nuna nadama in ƙi ci. Na yi ƙoƙari ƙwarai, har na kai ƙidaya bakwai a zuci, sai na ga hannun Yaya Garba ya taso.

A gida Inna na jirana a zaure, labari ya riga ni. Ta kama kunnen da Kawu ya bari. "Goma sha ɗaya! A lasifika! Sai a ce ba na ba ka abinci!"

Washegari da sassafe Sule ya dawo shan mai, amma sai da ya tsaya Kawu ya auna a gabansa. Ɗan takararsa ya faɗi zaɓen, ba kuma wanda ya ce mu ne. Kawu ya ƙara shekara goma sha ɗaya a gidan man kafin ƙafa ta hana shi tsayuwa. Yanzu shaguna ne a wurin, darbejiyar ma an sare.

Na yi shekaru ina ba da labarin nan a makaranta da majalisa, ina cewa ganga arba'in ta ruwa muka kwashe, kuma ni na hana Kano kamawa da wuta. Wata rana na faɗa a gaban Kawu, ya bari na gama tsaf, sannan ya ce bokiti uku ne da rabi. Hular kuwa ban samu ba. Sunan Injiniya ma ya ɓace, har yau in na ratsa Gwale tsofaffi Sha Ɗaya suke kirana.